Wahiba Mai Gurasa da Ruwan Alhaji Mahran

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Wahiba a Unguwar Masunta, kuma katangar ba ta kai kafaɗa ba. Idan ta hura tanderunta da hantsi, a tsakar gidana hayaƙin yake fara sauka kafin ya tashi sama. Ni ɗinki nake yi, ita gurasa. Ni Kirista ce, ita Musulma, amma ta saman katangar nan muka miƙa wa juna gishiri da albasa da jarirai har muka yi furfura. Tana ce mini Ummu Milad, ina ce mata Ummu Diyab.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, damatsanta duk tabon wuta. Gurasar rana take yi, wadda ake kwaɓawa a jera a kan faifan laka a bar wa rana ta tashe ta, kuma duk garinmu Kom Hilal an san babu mai hannunta. Ba ta da yawan magana. Mijinta Abdurradi shi ya kwashe rabon surutun gidan. Mai fito ne, yana da jirgin ruwa mai tanti da yake haye da mutane da awaki da buhunan taki zuwa gabar gabas, kuma tun daga tsakiyar kogin Nilu ake jiyo dariyarsa. 'Ya'yansu biyu, Diyab da ƙanwarsa Insaf.

A lokacin da Diyab ya fara tsiro gashin baki garin ya fi ƙarfin tsohuwar tashar ruwansa. Gidaje sun haura har gindin dutse, famfo kuma sai ya yi tari ya yi shiru. Gwamnati ta ware abin da za a yi sabon aiki, aka turo injiniya, aka tara mutane a filin matasa bayan la'asar. Mu mata muna daga bayan shinge muna ji.

Injiniyan ya ce hanya biyu ce. Ko a jawo daga kogi, a gina matatar ruwa, wannan zai ɗauki shekaru, kuma dole bakin bututun ya kasance a kudu da gari, inda ruwan bai riga ya haɗu da ƙazantarmu ba. Ko kuma a haƙa rijiyoyin burtsatse a bayan gari, kafin a yanke rake ruwa ya iso gidaje. Bai ce ga wadda ya fi so ba. Amma kowa a filin ya san fili ɗaya ne a kudu da gari da zai ɗauki matata, gonar ayabar Alhaji Mahran.

Alhaji Mahran ɗan majalisar gari ne, mai gonaki da wurin gasa bulo, kuma Allah ya ba shi baki. Ya miƙe ya gyara rawaninsa.

"Jama'a, wa zai gaya mini abin da ke cikin kogin nan? Abdurradi, kai ne kullum a kai. Jakai nawa ka gani sun wuce ka da ƙafa a sama bana?"

"Har da raƙumi, Alhaji!" in ji Abdurradi. Fili ya ɗauki dariya.

"To kun ji. Wanne ne a cikinmu bai yi fitsarin jini yana yaro ba? Tsargiya daga ina take? Jirgin da ya nutse da man injin bara, kwana nawa muka yi muna warin kananzir? Ruwan ƙasa kuwa Allah ne ya tace shi da kansa, babu wanda ya taɓa wanka a cikinsa."

Ya sa aka kawo masa kofin gilashi cike da ruwan rijiyar gwaji, ya ɗaga shi a rana kowa ya ga haskensa, ya shanye tas.

"Abin da zan sha ke nan, ni da 'ya'yana da jikokina, har in koma ga Allah. Duk ranar da kuka ga na ƙi shi, ku tofa mini yawu."

Gaskiya maganarsa ta shige mu, don babu ƙarya a abin da ya faɗa game da kogi. Abdurradi har tafin hannunsa ya yi ja don tafi. Aka zaɓi rijiyoyi. Aka haƙa su a bayan gari, ba nisa da babban lambatun da ke kwashe ruwan gonaki da na masai, tunda can ne filin gwamnati yake.

Shekarar farko mun ji daɗi, har guɗa muka yi ranar da famfo ya kawo. Daga baya ruwan ya fara sauya hali. Shayi ya koma baƙi ƙirin da wani maiƙo a samansa. Farin yadi in na wanke sai ya fito kamar an jiƙa shi a ruwan tsatsa. Sabulu ya daina kumfa, gindin randa ya yi jan laka, baki kuma ya saba da wani zartsi. Wahiba ta fara kuka da cewa kwaɓinta ba ya tashi kamar da. Aka kai ƙara, aka ce bututu ne sababbi, za su wanku.

Sai ciwon ƙoda ya fara shiga gidaje. A da sai ka daɗe ba ka ji mai shi ba, yanzu motar da ke zuwa babban asibitin lardi da safe rabin fasinjanta masu zuwa wankin ƙoda ne. Likitoci ba su taɓa cewa ruwan ne kai tsaye ba. Abin da suke cewa shi ne, "In da hali ku canja ruwan sha." Wa ke da halin?

Abdurradi ya fara da kumburin ƙafa. Mutumin da yake ɗaga buhun taki da hannu ɗaya ya koma sai an riƙe shi zai hau mota. Aka ɗaure jirgin, daga baya aka sayar. Diyab ya bar makaranta ya shiga aikin bulo a wurin Alhaji Mahran. Wahiba kuwa ta fara zuwa gidajen masu hali tana yi musu gurasar biki.

A haka ne aka kira ta gidan Alhaji Mahran, za a aurar da ɗansa. Ta zuba gari a kwarya, ta ɗauki bokiti ta nufi famfon tsakar gida. Sai uwargidan, Hajiya Sanniya, ta ɗaga murya daga baranda.

"Ke baiwar Allah, me za ki yi? Wannan na wanke tsakar gida ne! Ga jarkoki can a ɗakin ajiya, na matatar birni ne, mota ke kawo mana."

Wahiba ta tsaya da bokiti a hannu. "Tun yaushe, Hajiya?"

"Tun farko mana. Ai tun kafin a haɗa bututu wani abokin Alhaji, likita, ya auna ya ce masa ko kazarsa kada ya ba. Yi sauri, rana na yi."

Hajiya ba ta faɗa da mugunta ba. Ba ta ma san mijin matar da ke gabanta yana kwance ba. Wahiba ta ɗebi ruwan jarka ta kwaɓa, ta gasa gurasar bikin gaba ɗaya, an ce ba a taɓa cin mai daɗinta ba. Da ta dawo ta jingina da katanga ta ba ni labari, muryarta a kwance kamar mai faɗin farashin tumatir.

"Kin gaya wa mijinki Abu Diyab?" na tambaye ta.

"In gaya masa ya tafa wa wanda ya kashe shi? Bar shi ya tafi da dariyarsa."

Da sanyin shekarar nan Abdurradi ya rasu. Ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, idonsa kaɗai ya rage. Da aka dawo daga maƙabarta, yayansa Baffa Sawi ya aika a kawo rumfa da kujeru don zaman makoki. Wahiba ta fito bakin ƙofa da baƙin mayafinta ta tare masu ɗauko kujerun.

"Ku mayar. Ba na karɓar gaisuwa."

A ƙasarmu kowa ya san ma'anar wannan. Wanda aka kashe ne ba a karɓar gaisuwarsa sai an ɗau fansa. Baffa Sawi ya ruɗe.

"Ke matar ƙanena, kin yi hauka ne? Mutum ya mutu a kan gadonsa. Jinin wa kike nema?"

"Na Mahran."

"Rufe bakinki! Ciwo daga Allah yake."

"Na sani, Yaya. Harsashi ma sai Allah ya yarda yake kashewa, amma ana tambayar wanda ya harba."

Ta faɗi abin da ta ji a gidan bikin, a gaban kowa. Wasu suka yarda, wasu suka ce zafin mutuwa ne. Washegari da safe ta tarar da Diyab a ɗakin Baffa Sawi yana ƙoƙarin zaro tsohuwar bindigar da ke bayan buhunan alkama. Ta fizge ta mayar.

"Inna, ke kika ce akwai jini!"

"Akwai. Amma in ka harbe shi, kafin ya kai ƙasa ya huta. A yi masa jana'izar da ba a taɓa gani ba, a sa wa makaranta sunansa, kai kuma ka ruɓe a kurkuku. Ubanka a hankali ya mutu, yana ji yana gani. Bar mini shi."

Bayan ta fita takaba, wata Juma'a ta wanke farantin tagulla, ta ɗora kofin gilashi, ta cika shi daga famfonta. Ta je ta tsaya a ƙofar babban masallaci. Da aka sallame Alhaji Mahran ya fito cikin mutanensa, sai ga mace cikin baƙaƙen kaya ta sha gabansa.

"Bismilla, Alhaji. An sha rana. Ruwanka ne, wanda Allah ya tace da kansa."

Ruwan ya ɗan zauna, ya yi launin ruwan ƙwai. Mutane suka yi cirko-cirko. A wurinmu ƙin abin sha daga hannun mutum zagi ne, balle daga hannun gwauruwa, balle kuma kowa na tuna rantsuwarsa. Ya yi murmushi ya karɓa ya shanye.

"Allah ya jiƙan Abdurradi," ya ce.

"Ba na karɓar gaisuwa, Alhaji. Sai Juma'a."

Ba ta tsaya ga Juma'a kaɗai ba. Duk inda zai zauna cikin mutane sai ta bayyana: ɗaurin aure, zaman makoki, sulhun gona, buɗe sabon kanti. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Ta miƙa farantin ta jira. Yakan sha, amma aka fara lura da yadda maƙogwaronsa ke gardama, da yadda yake kurɓa ya bar rabi. Ita kuwa sai ta ce, "Ragowar ta wa ce, Alhaji? Mu a gida har laka muke shanyewa." Ya fara cewa yana azumi. Ran nan wani tsoho a gidan shayi ya ce, "Kai, Alhaji ya zama waliyyi, Litinin da Alhamis ba su ishe shi ba, har Juma'a yana haɗawa." Ita kuma ta koma zuwa masa daidai kiran magariba.

Ya sa aka kai ta ofishin 'yan sanda. Na bi ta da mayafi da abinci. Jami'in, baƙo ne daga arewa, ya dubi takardar ƙarar ya dube ta.

"Inna, me kika yi masa?"

"Ruwa na ba shi, ɗana."

"Kin sa wani abu a ciki?"

"Ni? Ko ɗaya. Abin da ya sa mana ne a ciki."

Kafin la'asar ta dawo gida. Daga nan Alhaji ya aiko Baffa Sawi da magana mai daɗi: zai mayar da Diyab shugaban ma'aikata, zai yi wa Insaf kayan ɗaki, kuma motar da ke kai masa jarkoki za ta riƙa ajiye mata nata. Ta saurara har ya gama.

"Ashe akwai motar," ta ce. "Ka koma ka ce masa na gode da shaida."

Sati bai cika ba aka kori Diyab daga aikin bulo. Sai kuma dangin saurayin Insaf, waɗanda ke noma a gonar Alhaji, suka zo suka karɓi zobensu. Ranar na ji abin da ban taɓa ji ba ta saman katanga, Insaf tana yi wa uwarta ihu.

"Baba ya mutu, ni ina raye! Ke da matacce kike zaune, mu ba kya ganinmu! Kofinki zai aure ni?"

 Da safe na sami Wahiba a gaban tanderu idonta ya kumbura. Na ce, "Ummu Diyab, don Allah ki sassauta. Kin nuna masa, gari ya gani. Yarinyar nan fa?"

"Wanda ya fasa aure don tsoron mai gona, gara da ya fasa tun yanzu." Ta jefa karan masara a wuta. "Ummu Milad, ni na riƙe masa tasa yana amai. Ni na ji yana roƙon kurɓi ɗaya na ruwa likita ya hana. Mai fito, wanda ya rayu a kan ruwa, ya mutu da ƙishi. In na bari, in ce masa me?"

An yi shekaru a haka. Mata biyu da suka binne mazajensu suka fara bin ta da nasu kofunan, sai wata da ta binne ɗa. Alhaji Mahran ya rage fita, in zai fita sai ya sa samari a gaba su tare hanya. Amma zaɓe ya zo, mai neman kujera kuwa ba ya ɓuya. Ya kafa babbar rumfa a kasuwar rake, aka yanka shanu, aka kawo baƙi daga lardi. Ya zauna a gaba da jikarsa 'yar ƙarama a cinyarsa, an yi mata ado da jan kintinkiri, don mutane su ga shi mai iyali ne.

Samarinsa suna tsaron ƙofar gaba, Wahiba ta shigo ta wajen masu dafa abinci, waɗanda duk ƙawayenta ne. Sai ganinta aka yi a gabansa, ana tsakiyar yi masa kirari a lasifika.

"Bismilla, Alhaji."

Ya yi kamar bai gan ta ba. Zafi ake yi ranar, yarinyar kuwa ta ga ruwa. Ta miƙa hannu biyu ta ɗauki kofin ta kai baki. Alhaji ya kai mata duka a hannu da ƙarfin da kofin ya tashi sama ya tarwatse a gaban baƙi.

"Kada ki sha! Guba ne!"

Lasifikar na kusa da bakinsa. Har masu sayar da kifi a bakin kogi sun ji. Yarinyar ta fashe da kuka. Wahiba ta sunkuya ta tsince fasassun gilashin a farantinta ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya taka. Da ta miƙe sai ta ce, "Alhaji, kai ka ce a tofa maka yawu. Ni ba zan ɓata nawa ba." Wani daga baya ya tofa nasa. Daga nan kujeru suka fara tashi, da ƙyar aka fitar da shi ta bayan rumfa.

Da yamma na tambaye ta abin da ke cina. "Da bai buge ba, za ki bar yarinyar ta sha?"

"Ban kira ta ba."

"Na sani. Amma za ki bar ta?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Jikokinki me suka sha yau da safe?"

Ban ji daɗin amsar ba, har yau ma ban ji ba.

Ya faɗi zaɓe. Maganar ta kai lardi, aka turo masu awo, aka rufe rijiyoyi biyu mafi kusa da lambatu, ruwa ya sake yin ƙaranci. Aka dawo kan tambayar da aka yi mana tun farko: a ƙara zurfin rijiyoyi a wani wuri, ko a koma kogi. Wannan karon wani injiniya ya yi bayani da gaskiya cewa in an yi nisa cikin hamada an haƙa da zurfi za a iya samun ruwa mai kyau, kuma ya fi sauri. Babu wanda ya saurare shi. Kalmar rijiya ta riga ta zama zagi a Kom Hilal. Aka ce kogi.

Alhaji Mahran ya rasa kujera amma bai rasa abokai ba. Sai ga takarda ta fito cewa a Unguwar Masunta za a gina matatar, a rushe gidajenmu a ba mu ɗakuna a benayen gwamnati. Aikinsa ne, ya san inda ya nufa. Unguwa ta juya wa Wahiba baya a yini ɗaya. Matan da suka yi mata guɗa suka koma tsine mata. Ni kaina na tsaya a katanga na gaya mata maganar da ban taɓa gaya mata ba.

"Kin cinye wa 'ya'yanki aiki da aure bai ishe ki ba, sai kin cinye mana gidaje? A ɗakin nan na haifi Milad! Ki je ki ba mutumin nan haƙuri a janye takardar!"

 Ranar da kwamiti ya zo duba unguwa, mutane sun taru za su yi bore, Wahiba ta fito da gatari. Aka dare, ana zaton wani za ta sara. Ta nufi tanderunta, wanda uwar mijinta ta gina, wanda ya ciyar da gidan tun rasuwar Abdurradi, ta shiga sara har ya zama tulin toka da ƙasa. Sannan ta juyo ga shugaban kwamitin tana haki.

"Ga nawa, ku fara da shi. Amma ku tambayi injiniyanku, lambatun gari a ina yake zuba? A sama da mu ko a ƙasa da mu?"

Kowa ya san a sama da mu yake zuba, har shi shugaban. An faɗa tun a filin matasa, mantawa aka so a yi. Bayan abin da ya faru a rumfar zaɓe babu jami'in da zai sa hannu a jawo wa gari ruwa daga bakin lambatu. Aka mayar da matatar kudu, gonar ayaba. Sai dai takardar farko ba ta mutu duka ba. Babban bututu da hanyar mota ta layinmu suka bi, aka rushe gidaje goma sha wani abu, har da nawa da nata.

Ranar da katafila ta shiga gonar ayaba, Wahiba ta aika aka kafa rumfa a bakin hanya, daidai inda ake ganin itatuwan suna kifewa da nunannun ayabarsu. Ta sa Diyab ya tsaya a ƙofa, ya riga ya zama magidanci mai gemu, aka kawo mai karatun Alƙur'ani, aka dafa gahawa marar sukari. Ta aika gida gida cewa iyalan Abdurradi mai fito suna karɓar gaisuwa. Maza suka cika rumfa, mata muka zauna a tabarmi a baya. Ina fushi da ita amma na je. Da na riƙe hannunta na ce Allah ya ba da haƙuri, sai ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza, ƙarar injin tana danne muryarta.

Aka ba mu ɗakuna a bene ɗaya, ni hawa na biyu, ita na huɗu. Ruwan matata ya iso bayan shekara uku, shayi ya dawo ja. Wasu daga maƙwabtanmu na da har suka mutu ba su sake gaishe ta ba. Insaf ta auri wani direba ta bi shi birnin Suwais, ba ta zuwa sai da salla, in ta zo ma a ɗakina take yini. Wahiba ta kama aiki a gidan burodin gwamnati tana jera wa inji kwaɓi, aikin da ta ce ko jaki zai iya.

Alhaji Mahran ya kulle kansa a gida, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Da ya ji alamar tafiya ya aiko limamin babban masallaci, dattijo mai mutunci, ya hau benen nan yana hutawa a kowane hawa. Ina wurin, ni na kawo masa kujera.

"Ummu Diyab, mutumin nan yana bakin kabari. Ya ce in roƙa masa gafararki. Ya yarda ya sani, ya ɓoye. Allah yana son masu yafiya, ke ma kina son ya yafe miki."

"Gaskiya ne, Malam. Gidana da ya rushe na yafe. Aikin Diyab na yafe. Auren Insaf ma na yafe, ko da yake ba ni ce mai yafe shi ba."

"Alhamdu lillahi."

"Amma Abdurradi ba nawa ba ne da zan yafe. Ya kusa zuwa inda yake, ya roƙe shi da bakinsa."

Liman ya yi nasiha har shayinsa ya huce, bai sami ƙari a kan haka ba. Ya sauka yana girgiza kai. Bayan kwana kaɗan aka yi jana'izar Alhaji, mutane ba su kai na sallar asuba ba.

Wahiba kuwa ta ƙara shekaru masu ɗan dama. Ƙafa ta gaza, ta daina sauka, ni nake hawa in same ta. Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba, zazzaɓi ne na sati guda. Ana gobe za ta rasu ta kira Diyab, ina zaune ina yi mata fifita.

"Ka san filin da ke jikin hubbaren gidan Mahran, ta gabas? Can za ka sa ni."

"Haba Inna, ga wuri kusa da Baba mun tanada."

"Ubanka ya san inda zai same ni. Wancan ne nake tsoron kada ya ɓace mini. Ranar tashin ƙiyama taro zai yi yawa, ga shi ya iya baki. Ba na so in sha wahalar nemansa."

Diyab ya dube ni, yana zaton zafin zazzaɓi ne. Na ce masa ni dai na san uwarsa, da hankalinta take magana. Dangin Alhaji sun yi ƙorafi, amma filin ba nasu ba ne. Can aka sa ta, taku kaɗan daga ƙofarsu.